Ƙaramar Maƙera da Babbar Maƙerar Taswira a Wasannin Dabarun Yaƙi na Kwamfuta: Gwaji da Kwarin Bakalori

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiya a Talatar Mafara ko Bakura lokacin da dattawa za su zauna dara, ya san akwai aikin da ke gabatar wasan kansa. Sai an share ƙasa an haƙa gidaje 30, watau layi 5 na gida shida-shida, sa'an nan kowane ɗan wasa ya tara 'ya'yansa 12, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwa. Wanda ya haƙa gidajen bai ci kowa ba tukuna, amma ya riga ya yanke iyakar abin da zai iya faruwa a wasan. Da zai ƙara layi ɗaya, ko ya toshe gida biyu a tsakiya, da dukkan dabarun da gwanaye suka saba da su sun sauya.

Haka abin yake ga wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta, waɗanda a cikinsu ɗan wasa ke gina gari, ya tara abinci da dukiya, ya shirya mayaƙa, ya fuskanci abokin karawa. Kowane irin wannan wasa yana gudana ne a kan taswira, kuma da yawa daga cikinsu suna zuwa da wata manhaja da ke bai wa ɗan wasa damar zana tasa taswirar. A cikin wannan maƙala za a kira manhajar da sunan maƙerar taswira, domin a nan ne ake ƙera fagen da za a yi wasa a kansa. Maƙerun iri biyu ne, akwai ƙarama mai sauƙin sarrafawa, akwai kuma babba mai zurfi. Manufar maƙalar ita ce ta bayyana yadda kowace ke aiki, ta kwatanta su, sa'an nan ta gwada su da wani yanki da aka sani, watau kwarin Bakalori da ke tsakanin Maradun da Talatar Mafara da Bakura a Jihar Zamfara.

2.0 Dalilin da Ya Sa Batun Ya Shafi Ɗalibin Hausa

A shekarar 2021 aka ƙara Hausawa cikin al'ummun da ake iya zaɓa a wasan Age of Empires III. An sanya Kano a matsayin babban birninsu, Sarauniya Amina a matsayin jagora, kuma cikin mayaƙan har da barade masu lifidi. Ta wannan hanya matasa a Turai da Asiya da Amurka, waɗanda ba su taɓa buɗe littafin tarihin ƙasar Hausa ba, suka fara jin waɗannan sunaye. Sai dai fagen da ake kai waɗannan barade su yi yaƙi, wasu ne can nesa suka zana shi bisa ga abin da suka karanta. Ba za a tarar da fadamar Bakura a ciki ba, balle kasuwar Talata.

Ɗalibin da ke nazarin wasannin gargajiya, irin su dara da langa da carafke, ya san cewa wasa madubi ne na yadda al'umma ke kallon ƙasa da dukiya da cin nasara. Idan haka ne, to, tambayar wane ne ke zana ƙasar Hausa a cikin wasannin zamani, kuma da wane kayan aiki, tambaya ce da ta cancanci a tsaya a kanta.

3.0 Ƙaramar Maƙera

Ƙaramar maƙera tana kama da allo da tawada. Ana buɗe ta sai a ga fili fetal wanda aka rarraba shi gida-gida kamar na dara, a gefe kuma ga jerin ire-iren ƙasa: fili, daji, dutse, kogi, hanya, gada, gari. Mai zane ya zaɓi ɗaya, ya ɗora a gidan da yake so, ya ci gaba har fagen ya cika. Daga nan sai ya nuna inda kowane ɗan wasa zai fara, ya adana aikinsa. Wanda bai taɓa gani ba yana iya gama taswira a zama ɗaya.

Kyakkyawan misali shi ne maƙerar da ke cikin Advance Wars, wasan da kamfanin Nintendo ya fitar a shekarar 2001. A wannan wasa kowane irin ƙasa yana da hukuncinsa da ba ya canzawa. Sojan da ke bisa dutse ya fi wanda ke kan hanya samun kariya, motar yaƙi ba ta ƙetare kogi sai ta gada, kowane gari da aka kama kuma yana kawo kuɗin shiga. Mai zane ba shi da ikon taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce. Abin da ke hannunsa shi ne jeri: ina dutsen zai zauna, gada nawa za a yi, gari nawa ke kusa da kowane ɓangare. Maƙerar Warcraft II ta 1995 ma kusan haka take.

Wannan ƙuntatawa tana da amfani guda uku. Na farko, ba ta buƙatar dogon koyo, kuma ba ta buƙatar ƙwarewa a harshen da aka rubuta manhajar da shi, tun da hoto ake dannawa. Na biyu, da wuya taswirar ta lalace har wasa ya ƙi tafiya. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne adalcin taswirar a bayyane yake. Idan mai zane ya ba wa ɓangarensa gari 6 ya ba wa abokin karawa 4, kowa zai gani da ido kafin a fara, kamar yadda ba a iya ɓoye gida na 31 a fagen dara.

Gazawarta kuwa ita ce ba ta san lokaci ba. Kogin da aka zana da safe shi ne kogin da za a tarar da maraice. Ba ya cika, ba ya ƙafewa. Taswirar hoto ce ta wuri a rana guda.

4.0 Babbar Maƙera

Babbar maƙera tana yin duk abin da ƙarama ke yi, sa'an nan ta ƙara da abin da za a iya kira tarko. Tarko umurni ne mai sassa biyu, sharaɗi da sakamako. Mai zane yana ɗana shi kamar yadda maharbi ke ɗana nasa a hanyar nama: idan kaza ya faru, to, kaza ya biyo baya. Alal misali, idan mayaƙan ɗan wasa suka iso bakin gada, sai maƙiya su fito daga daji. Ko kuwa idan minti 10 ya cika, sai abinci ya ragu a rumbu. Wasan StarCraft na 1998 ya zo da maƙera mai suna StarEdit wadda ake zaɓen sharaɗi da sakamako daga jeri, haka ma Age of Empires II na 1999.

Maƙerar World Editor ta wasan Warcraft III, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2002, ta zarce waɗannan. Tana da sashen gyaran ƙasa, da sashen tarkuna, da sashen da ake sauya halittun wasan kansu, watau ƙarfinsu da saurinsu da farashinsu, da kuma sashen sauti. Wanda jerin tarkunan bai ishe shi ba, yana iya rubuta umurninsa kai tsaye da wani harshen kwamfuta mai suna JASS. A wannan mataki mai zane ya tashi daga mai jera gidaje ya koma mai kafa doka.

An ga iyakar ƙarfin wannan maƙera a shekarar 2003, lokacin da wani ɗan wasa ya yi amfani da ita ya ƙera taswirar da aka sani da DotA. A cikinta an ajiye gina gari gefe guda, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya, ƙungiyoyi biyu na mutum biyar-biyar suna neman rushe sansanin juna. Taswira ɗaya ta zama sabon wasa. A 2013 kamfanin Valve ya fitar da Dota 2 a kan wannan tsari, kuma kyautar babbar gasarsa ta 2021 ta haura dala miliyan 40. Da Blizzard ya sake fitar da Warcraft III a 2020, sai ya rubuta a cikin sharuɗɗansa cewa duk wasan da aka ƙera da maƙerarsa mallakarsa ne. Wannan darasi ne ga duk mai niyyar zuba tarihin garinsu a cikin maƙerar wani kamfani.

Babbar maƙera tana da nata tsadar. Koyonta yana cin makonni ko watanni, kuma umurninta da Ingilishi ake rubuta su. Tarko ɗaya da aka ɗana ba daidai ba yana iya hana wasa ƙarewa, mai zane ya kwana yana neman inda kuskuren yake. Bayan wannan kuma, dokokin da aka kafa ba a ganinsu a fuskar taswira. Ɗan wasa yana iya shan kaye sau uku bai san cewa tun farko an rage wa ɓangarensa ƙarfi ba.

5.0 Gwaji da Kwarin Bakalori

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin maƙerun biyu ita ce a ba su aiki ɗaya. An zaɓi kwarin Bakalori ne saboda wuri ne da aka taɓa sake zana taswirarsa a zahiri, ba a wasa ba, kuma an san abin da ya biyo baya.

5.1 Taƙaitaccen Tarihin Wurin

Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta yankin Maradun da Talatar Mafara da Bakura, kafin ya haɗu da gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Tun kaka da kakanni noman wannan kwari ya dogara ne ga ambaliyar damina. Ruwa ya malala cikin fadama a noma shinkafa, idan ya janye ya bar danshi da laka a yi noman rani, masunta kuma su kama kifi a tafkunan da ya bari.

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi ƙaramar madatsa, a kuma tafi da aikin ban ruwa sannu a hankali. Amma shirin da aka aiwatar babba ne. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsa mai tsawon kilomita 5.5, wadda tafkinta ke ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da nufin shayar da hekta 23,000. Tafkin ya cinye gonaki da gidaje a yankin Maradun, aka tayar da dubban mutane. A filin ban ruwa kuwa an sare itatuwa, an baje gonaki, an shafe iyakokin gado, domin a sake yanka ƙasar daidai da magudanan ruwa. Manoma da yawa sun yi damina ba su shuka ba, kuma rikici ya tashi a kan diyya da rabon sababbin gonaki. Manoman suka tare hanyoyin aikin. A ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, amma wasu masu bincike sun kai adadin fiye da mutum 380. A ƙasan madatsar kuma, binciken masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya nuna cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi, ta tilasta wa manoma komawa ga gero da dawa.

5.2 Kwarin a Ƙaramar Maƙera

Don wannan gwaji wasan Battle for Wesnoth ya dace, saboda kyauta ne tun fitowarsa a 2003, ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, kuma yana da matakan biyu duka: maƙerar zane mai sauƙi, da harshen umurni mai suna WML ga mai son zurfafawa.

A mataki na farko ɗalibi zai ja gulbi daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma. Zai sa Maradun a gabas, Talatar Mafara a tsakiya bisa hanyar Gusau zuwa Sakkwato, Bakura kuma a arewa maso yamma. Zai shimfiɗa fadama a gefen ruwa, tudu a bayanta, ya warwatsa ƙauyuka, waɗanda a wannan wasa su ne ke kawo kuɗin shiga. Cikin awa biyu ya gama, kuma ɗan yankin da ya duba zai ce lalle nan garinsu ne, ko kuwa ya ce an kai Bakura nesa da gulbi fiye da kima, a gyara nan take.

Amma dole ɗalibin ya zaɓi ɗaya: ko kwarin kafin 1974, ko bayan 1978, ko watan Agusta, ko watan Maris. Ba shi da hanyar nuna cewa gida ɗaya a taswira ruwa ne da damina, gonar albasa ce da rani. Alhali wannan jujjuyawar ita ce rayuwar kwarin.

5.3 Kwarin a Babbar Maƙera

A mataki na biyu ana iya ɗana tarkuna. Tun da Wesnoth wasa ne na karɓa-karɓa, kowa da zagayensa, mai zane yana iya rubuta cewa a zagaye na 6 gidajen fadama su koma ruwa, a zagaye na 10 su koma ƙasa mai albarka, ƙauyukan da ke kusa su sami ƙarin abinci. Yana iya ƙara cewa idan wani ɓangare ya gina madatsa, gidajen da ke bayanta su nutse har abada, ambaliyar da ke gabanta ta ragu, filin ban ruwa kuma ya riƙa ba da amfani rani da damina. Yanzu ɗan wasa zai ji a jikinsa abin da ƙaramar maƙera ta kasa nunawa, watau ribar wani yanki tana iya zama asarar wani.

A nan ne kuma haɗarin yake. Kwamfuta ba ta san komai game da kwarin ba sai abin da aka rubuta mata. Idan mai zane ya ƙidaya buhunan alkama da shinkafar filin ban ruwa, ya manta da kifin Sarkawa, to, a wasansa madatsa riba ce zalla. Idan bai sa burtalin da Fulani ke bi da shanu zuwa mashaya ba, toshe shi ba zai jawo komai ba. Idan bai san cewa ɗorawar da ke tsakiyar gona tana da mai ita, kuma ana gadonta, ba zai sa wa sare ta farashi ba. Wasan zai tafi sumul, lissafi ya daidaita, ɗan wasa ya tashi da yaƙinin cewa ya fahimci Bakalori. Abin da ba a rubuta ba, babu shi, kuma ba wanda zai lura da rashinsa sai wanda ya san wurin. Irin waɗannan abubuwa, itatuwa da iyakoki da daminar da aka rasa, su ne manoma suka yi ta kuka a kansu kafin Afrilun 1980. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

6.0 Kwatanci

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo bambance-bambance huɗu. Ta fuskar iko, ƙaramar maƙera tana sarrafa wuri kawai, babba kuwa tana sarrafa wuri da lokaci da dalili. Ta fuskar koyo, ƙarama aikin yini ce, babba aikin watanni. Ta fuskar kuskure, na ƙarama a fili yake, kowa na iya nuna shi da yatsa, na babba kuwa yana ɓoye cikin umurnin da mai zane kaɗai ya karanta. Ta fuskar 'yancin ɗan wasa, ƙarama tana shimfiɗa fage ta bar 'yan wasa su ƙirƙiri labarinsu, kamar dara, babba kuma tana iya jan su bisa tafarkin da mai zane ya riga ya shata, kamar mai ba da tatsuniya wanda shi ya san ƙarshenta.

Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa babbar maƙera ta fi ƙarama a kowane hali. Mai son shirya fage don abokai biyu su gwada basira, ƙarama ta ishe shi, ta ma fi masa. Mai son koyar da tarihi, ko nuna yadda damina da rani ke juya rayuwar fadama, ba makawa sai ya shiga babba. Amma gwargwadon ikon da ya karɓa, gwargwadon sanin da ake binsa bashi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana maƙerar taswira iri biyu, ta kawo misalansu daga Advance Wars har zuwa Warcraft III, ta kuma gwada su da kwarin Bakalori. An ga cewa ƙarama tana kama siffar wuri amma ba ta kama sauyinsa, babba kuwa tana kama sauyin, sai dai iyakarta ita ce iyakar sanin mai riƙe da ita.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan aiki zai fi samun nasara idan ya fara da ƙarama, ya zana yankinsu, ya kai wa manomi da masunci da makiyayi su duba su gyara masa. Kafin ya ɗana tarko ko ɗaya, ya tambaye su yaushe ruwa ke zuwa, ina yake tsayawa, wa ke cin moriyarsa idan ya janye. A nan ɗalibin Hausa yana da abin da ƙwararren mai kwamfuta na wata ƙasa ba shi da shi, domin kalmomi irin su fadama da jigawa da fako da laka da burtali da mashaya, kowace tana ɗauke da hukuncinta na noma da kiwo da mallaka. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin mutanen Maradun da Talatar Mafara da Bakura, tare da bayanin abin da kowace ke nufi a wurinsu, aiki ne da ya isa kundin kammala digiri, kuma shi ne harsashin duk wata taswirar kwarin da za a ƙera nan gaba.